Dale Carnegie da shaidar ɗalibansa: yanda bakin masu saurare ya gina sunan mai lakca

A shekarar 1912 wani saurayi da bai cika shekara 25 ba ya shiga ofishin YMCA da ke titi na 125 a unguwar Harlem cikin birnin Niyok, wato ƙungiyar nan ta matasan Kirista da ke da azuzuwan dare na ma'aikata, yace musu yana so su bashi aji ya riƙa koya wa 'yan kasuwa da ma'aikatan ofis yanda ake tsayuwa gaban jama'a ayi magana. Kuɗin da ya nema dala 2 ne kacal duk dare. Suka ce a'a, sun taɓa gwada irin wannan ajin a baya bai yi armashi ba, dan haka bazasu ɗaure kansu da albashi ba. Abinda suka yarda dashi shine a raba riba, in ɗalibai sun zo sun biya ya samu kasonsa, in basu zo ba ya koma gida hannu rabbana. Sunan saurayin Dale Carnagey, wanda duniya ta sani daga baya da Dale Carnegie, kuma cikin shekara uku kwamishan ɗin da yake karɓa ya kai dala 30 a dare ɗaya.

Wannan hana shi albashin da akayi, a ganina shine tushen komai. Ɗaliban ba a dunƙule suke biyan kuɗin ajin ba, kaɗan kaɗan suke biya, ranar da mutum ya ga baya ƙaruwa da komai sai ya daina zuwa ya daina biya, kuma babu mai binsa gida. Kenan tun daga daren farko abincin Carnegie yana hannun mai saurare ne. In akawu ya koma ofis washegari yace wa na kusa dashi "kai, ajin nan fa yana aiki, jiya na miƙe nayi magana ban ruɗe ba", to sati mai zuwa an samu ƙarin mutum ɗaya. In kuma yayi shiru ko ya taɓe baki, an rasa shi an rasa wanda zai kawo.

Kuma shi ba ɗan kowa bane balle suna ya riga shi isa wurin. An haife shi a 1888 a Maryville ta jihar Misuri, babansa manomi ne talaka wanda ambaliya da cutar dabbobi suka sha karya shi. Da ya shiga kwalejin horar da malamai ta Warrensburg babu kuɗin kama ɗaki a gari, a kan doki yake zuwa daga gona kullum ya koma yayi tatsar shanu. Ya ga waɗanda ake ji dasu a makarantar 'yan wasanni ne da masu cin gasar muhawara, shi kuma ba jikin wasa, sai ya faɗa muhawara, aka yi ta kada shi har abin ya dame shi sosai, daga baya ya fara ci. Abin lura a nan, da ya fara ci sai wasu ɗalibai suka riƙa zuwa ya koya musu, suma suka je suka ciyo. Ya bar kwalejin a 1908 ya shiga yawon talla, da farko darussan koyo ta gidan waya yake tallatawa makiyaya, sannan ya koma kamfanin Armour yana sayar da naman alade da sabulu da kitse ga masu shaguna, ya tara ɗan abinda ya tara ya tafi Niyok a 1911 koyon wasan kwaikwayo, harkar bata karɓe shi ba. To mutumin da ya tsaya gaban ajin YMCA kenan, babu digirin babbar jami'a, babu muƙami, babu wani babba da zai buga waya yace ku ɗauke shi.

A daren farko ya shiryo lakca irin wadda aka koya masa a kwaleji, kafin lokaci ya cika zance ya ƙare masa. Sai yace wa ɗaliban su riƙa miƙewa ɗaya bayan ɗaya kowa yayi magana kan wani abu da ke bashi haushi. Mutanen da a da ko sunansu basa iya faɗa da ƙarfi sai gashi baki ya buɗe, sabida mai jin haushi baya tsayawa tunanin ina zai sa hannunsa. Daga nan tsarin ajin ya sauya, ya zama kowane ɗalibi dole ya miƙe yayi magana a kowane zama, gajeruwa, kuma yawanci labarin kansa zai bayar: ga abinda aka koya mana wancan satin, ga yanda na gwada shi a shago ko a gida, ga abinda ya faru. 'Yan aji su jefa ƙuri'a, wanda yafi ƙoƙari a bashi kyautar fensir.

Ku duba abinda wannan tsarin ya haifar. Carnegie bai taɓa buƙatar bin mutane yana roƙon su rubuta masa yabo ba, shi kansa darasin ne yake fitar da shaida duk sati, daga bakin mai ita, a gaban mutanen da suka san yanda yake a satin farko. Wannan shine abinda masu neman suna da lakca da yawa basa kamawa, suna ɗaukar shaida kaman wani abu da ake nema bayan an tashi taro.

Inda abin yafi fitowa fili shine wani daren Janairu a tsakiyar shekarun 1930, a babban ɗakin taro na otal ɗin Pennsylvania a Niyok. Lokacin Amurka na cikin mummunan karayar tattalin arzikin nan da ya fara a 1929, miliyoyin mutane ba aiki. An buga talla cike da shafi guda a jaridar New York Sun kwana biyu kafin taron, ana kiran mutane su zo buɗe sabon zangon kwas ɗin. Yanda ɗan jarida Lowell Thomas ya bada labarin, mutum 2,500 ne suka zo cikin sanyi, kafin bakwai da rabi kujeru sun ƙare, bene ya cika, ɗaruruwa suka tsaya a tsaye awa ɗaya da rabi bayan sun wuni a wurin aiki. Kuma a lokacin an ce kwas ɗin ya riga ya horar da mutum sama da 15,000, harda ma'aikatan kamfanoni irin su Westinghouse da McGraw-Hill da kamfanin tarho na Niyok.

Mai lakca da ya samu mutum 2,500 a gabansa, abinda zuciya ke raya masa shine ya riƙe makirfo shi kaɗai ya nuna musu bajinta har a tashi. A daren nan ba haka akayi ba. An jero tsofaffin ɗalibai 18 a gaban lasifika, 15 daga cikinsu aka ba kowa sakan 75 cif ya bada labarinsa, da lokaci ya cika shugaban taro ya buga guduma a kira na gaba, ko ka gama ko baka gama ba. Cikinsu akwai 'yan talla, akwai mai gidan burodi, ma'aikatan banki biyu, ɗan inshora, akanta, likitan haƙori, mai zanen gine-gine, wani mai kemis da ya taso tun daga Indianapolis dan yayi kwas ɗin, da wani lauya da ya zo daga Habana ta ƙasar Kuba sabida yana da jawabi ɗaya na minti uku da yake so ya fita kunya a ciki.

Na farkonsu haifaffen Ailan ne, shekara huɗu kawai yayi a makaranta, yayi kanikanci yayi direba, da ya kai shekara 40 iyali suka yi yawa sai ya koma tallar manyan motoci. Yace tsoro ne yake cinsa, in ya je ƙofar ofishin da zai yi talla sai yayi ta kai da komo a bakin ƙofar kafin ya iya buɗewa, har ya yanke shawarar komawa gareji. Gashi yau yana tsaye gaban dubban mutane yana basu dariya. Na bayansa ma'aikacin banki ne mai furfura, uban 'ya'ya 11, wanda a zamansa na farko a aji ya miƙe bakinsa ya ƙi buɗewa sam, daga baya takardar haraji ta ɓata masa rai ya je taron gari a Clifton ta jihar New Jersey ya amayar da abinda ke cikinsa, mutanen garin suka tsayar dashi takara ya ci kujerar kansila.

To me yasa wannan ya ci mutane haka? Babban sirrin a ganina shine shaidar da hujjar a haɗe suke, abu ɗaya ne. Mutum yana cewa "da bana iya magana a gaban mutum biyar", kuma a daidai lokacin da yake faɗin hakan yana magana ne gaban mutum 2,500, muryarsa bata rawa. Wanda ke zaune a kujera baya buƙatar ya yarda da Carnegie, baya ma buƙatar ya yarda da mai maganar, idonsa ne ke gani. Ba kowace sana'a ce take da wannan gatan ba, mai sayar da magani sai dai wani yace na sha na warke kai kuma baka ga lokacin da yake kwance ba, amma mai koyar da magana hajarsa tana iya tsayawa da ƙafarta ta gaida jama'a, kuma Carnegie ya gane haka da wuri.

Sai kuma zaɓen mutanen. Da a ce 15 ɗin nan duk manyan lauyoyi ne, da mai gidan burodin da ke bayan ɗaki zai ce wannan ba namu bane, su dama can sun iya. Amma an jero su daga mai aji huɗu har ma'aikacin banki, duk wanda ya shigo ɗakin zai ga wani irinsa a gaban lasifika. Mai jin kunyar rashin karatu ya ga ɗan Ailan, mai jin ya tsufa da koyo ya ga mai furfura. Mutum baya cika tambayar kansa ko malamin nan gwani ne, tambayar da ke cinsa itace ko irina zai iya, kuma wannan amsar malami bazai iya bada ita da bakinsa ba komai iya maganarsa.

Sakan 75 ɗin ma ba dan a rage lokaci kawai bane. In ka ba mutum minti goma yayi magana kan malaminsa, rabi zai tafi a gaisuwa da godiya da cewa ba'a taɓa yin kamarsa ba. In ka bashi minti ɗaya da 'yan sakanni dole ya tafi kai tsaye: da ina kaza, nayi kaza, yanzu ina kaza. Mu da muka taso muna jin maroƙa a gidan biki mun san bambancin kirari da shaida, maroƙi zai kai ka sama ya haɗa ka da kakannin da baka sani ba, kowa a wurin zai ji daɗi ayi liƙi, amma babu wanda zai baka bashi ko ya baka 'yarsa sabida abinda maroƙin ya faɗa, dan an san da kuɗi a ciki kuma an san gobe haka zai yiwa wani. Mutanen otal ɗin Pennsylvania ba kirarin Carnegie suka zo yi ba, labarin kansu suka bayar, harda abin kunyarsu, da sunansu da sana'arsu da fuskarsu a fili inda abokan aikinsu zasu iya gani. Wanda ya fito yace ni ne nake tsoron buɗe ƙofar ofis ya sa mutuncinsa a ciki, shi yasa ake yarda dashi.

Amma fa dole a faɗi wani abu game da wanda ya bamu labarin daren. Lowell Thomas ba ɗan kallo bane da ya shigo wucewa. Abokin Carnegie ne, sun yi aiki tare tun 1919 a Landan lokacin da Thomas ke nuna hotuna da lakca kan yaƙin Janar Allenby a Falasɗinu da T. E. Lawrence a ƙasar Larabawa, Carnegie na cikin masu tsara masa harkar. Kuma labarin daren otal ɗin a gabatarwar littafin Carnegie mai suna How to Win Friends and Influence People aka buga shi. Kenan ita kanta ƙididdigar 2,500 da labaran masu maganar ta hannun masoyi suka iso mana, shaida ce a kan shaida. Wannan bai mayar da ita ƙarya ba, Thomas sanannen mai karanta labarai ne a rediyo da ke da sunan da zai kare, amma mai karatu ya cancanci ya san alaƙar da ke tsakaninsu kafin ya auna maganar.

Haka ma maganar suna. Asalin rubutun sunansa Carnagey ne, daga baya ya mayar dashi Carnegie, daidai da na Andrew Carnegie attajirin ƙarfe da kowa ya sani a Amurka, alhali babu dangantakar jini tsakaninsu. A 1916 ma ya kama ɗakin taron Carnegie Hall yayi lakca ya cika shi. Ni wannan sauya harafin bai kwanta min ba, aron riga ne, kuma wanda yake da ɗalibai irin nasa baya buƙatarsa. Sunan aro zai iya sa mutum ya tsaya ya karanta talla, amma bashi ne ya sa akawun YMCA ya dawo sati na biyu da kuɗinsa ba.

Mafi girman abinda wani mai saurare yayi masa ya faru ne a 1934. Wani ma'aikacin kamfanin buga littattafai na Simon & Schuster mai suna Leon Shimkin ya shiga kwas ɗin a matsayin ɗalibi, abin ya burge shi, ya dami Carnegie kan a mayar da lakcocin littafi. Carnegie bai yi saurin yarda ba, sai Shimkin ya shawo kansa ya bari a kawo mai rubutun gaggawa ya riƙa ɗaukar abinda yake faɗa a aji. Daga nan aka samu How to Win Friends and Influence People a 1936, littafin da kafin Carnegie ya rasu a 1955 an sayar da kwafi miliyan 5 a harsuna 31, kuma wanda ya buɗe shi zai ga cike yake da labaran 'yan aji, wane mai sayar da kaza ya gwada kaza ya dawo ya bamu labari. Rahotannin nan na sati sati da ake yi dan cin fensir su suka zama naman littafin. Ba ejan ya nemo masa kamfanin ba, wani ne da ya zauna a kujera ya saurara.

Sai shaidar da tafi kowace daɗewa, wadda Carnegie bai ma rayu ya ga amfaninta ba. Warren Buffett, mai kamfanin Berkshire Hathaway kuma ɗaya daga cikin manyan attajiran duniya, ya sha faɗa da bakinsa cewa yana saurayi tsoron magana gaban mutane har amai yake sa shi, a jami'a ma yana zaɓen darussan da bazasu sa shi miƙewa ba. Lokacin yana karatu a Jami'ar Columbia a Niyok ya ga tallar kwas ɗin ya je ya rubuta cek na dala 100, da ya koma ɗaki tsoro ya kama shi ya sa banki ya tsayar da cek ɗin. Sai da ya koma garinsu Omaha a farkon shekarun 1950 ya sake ganin talla, wannan karon ya kai dala 100 tsaba ya damƙa a hannun malamin dan kar ya samu hanyar gudu. Yace ajin cike yake da mutane irinsa da ko sunansu basa iya faɗa. Yana gamawa ya nemi koyarwa a ajin dare na Jami'ar Omaha dan kar tsoron ya dawo, yana koyar da harkar zuba jari ga mutanen da suka girme shi nesa ba kusa ba. A bangon ofishinsa babu takardar digirinsa ta Nebraska, babu ta Columbia, satifiket ɗin kwas ɗin Dale Carnegie ne a rataye, kuma shekara da shekaru in 'yan jarida ko ɗalibai suka ziyarce shi sai ya nuna musu.

Babu kuɗin tallar da zai sayi irin wannan. Amma abinda nafi so a lura dashi, ranar da Buffett ya shiga ajin ba kowa bane, yaro ne ɗan shekara ashirin da ɗoriya mai rawar murya, kuma ba Carnegie ne ya koyar dashi ba, wani malami ne a Omaha da ke bin tsarin. Babu yanda za'ayi wani ya duba ajin yace wancan na gefe shi za'a lallaɓa dan wata rana shaidarsa zata yi tsada. Abinda ya samu shine abinda na kusa dashi ya samu. Masu lakcar da ke ware manyan baƙi na layin gaba su yi ta hoto dasu su manta da yaran da ke baya, su duba wannan da kyau.

Labarin cek ɗin da aka tsayar kuma yana tuna mana da mutanen da ba'a taɓa jerawa gaban lasifika ba. Da Buffett bai sake gwadawa a Omaha ba, da yana cikin waɗanda suka yi rajista suka gudu, kuma babu taron da za'a kira shi ya bada wannan labarin. Mutum 15 aka ji a otal ɗin, an zaɓo su ne daga cikin dubbai, kuma babu mai zaɓo wanda ya biya kuɗinsa ya gama yana nan yanda yake, ko wanda ya daina zuwa a sati na uku. Wannan shine raunin duk wata shaida da mai haja ya tace da hannunsa: kowace ɗaya gaskiya ce, amma in an jera su sai su nuna kaman kowa haka yake ƙarewa. Tun a zamaninsa ma akwai masu sukar Carnegie, harda marubuci Sinclair Lewis, suna cewa abinda yake koyarwa murmushin neman biyan buƙata ne da daɗin baki, kuma tarin masu cewa "na samu ƙarin albashi" bai amsa wannan sukar ba, dan tambaya ce ta ɗabi'a, ba ta ko abin yana kawo kuɗi ba.

Hukumomin Amurka sun zo sun kama wannan raunin daga baya. Hukumar FTC mai sa ido kan kasuwanci da kare masu saye ta gyara ƙa'idojinta kan shaidar talla a 2009. Kafin nan mai talla zai iya nuno wanda yafi kowa dacewa sannan ya rubuta da ƙananan haruffa a ƙasa cewa ba kowa ke samun haka ba, shikenan ya wanke kansa. Bayan gyaran aka ce wannan bai wadatar ba, in abinda ka nuno ba shine abinda yawancin mutane ke samu ba to sai ka bayyana abinda ake samu a al'ada, kuma in akwai kuɗi ko kyauta ko wata alaƙa tsakaninka da mai shaidar dole a faɗa. A 2024 kuma hukumar ta fitar da doka da ta fara aiki a watan Oktoba, ta haramta shaidar bogi, harda wadda aka sa na'ura ta ƙirƙira da sunan mutumin da babu shi, da sayen yabo, da sa ma'aikatanka su yi kaman baƙi ne, tarar kuma tana iya haura dala 50,000 kan kowane laifi ɗaya. Mutanen daren Pennsylvania na gaske ne da sunansu, ta nan ba'a kama Carnegie ba, amma tambayar "to sauran fa, yaya suka ƙare?" da yau ne sai ya amsa ta.

Yanzu in muka waiwayo kan matasanmu da ke tasowa a harkar lakcar zaburarwa da horar da 'yan kasuwa da jan ragamar taro, abinda ake yawan gani bayan semina shine hotunan saƙonnin WhatsApp a jere a Facebook, an goge sunan mai saƙon: "Masha Allah Malam, Allah ya ƙara basira", "wallahi yau na ƙaru sosai", "ba'a taɓa irin wannan ba". Addu'a ce mai kyau kuma a amsa da amin, amma bata gaya wa mai shirya taro na gaba komai ba, sabida mu mutane ne masu kara, ko lakca bata yi daɗi ba da wuya wani ya fito ya faɗa, kuma saƙon da babu suna kowa zai iya tura wa kansa daga ɗaya layin nasa. Wanda ya aikata hakan kuma ya sani shaidar zur ce, ba sai FTC ta zo ta gaya masa hukuncinta ba.

Abinda za'a ɗauka daga Carnegie ba wuya gare shi ba, haƙuri yake so. A daina tambayar mutane a bakin ƙofa "ya kuka ga lakcar", a bari sai bayan wata ɗaya a kira a tambaya me kika yi daban tun ranar, me ya fito. In mai ɗinki tace ta fara rubuta kuɗin shiga da na fita ta gano inda jarinta ke zurarewa, ko ɗan bautar ƙasa yace ya shiga intabiyu bai daburce ba, to wannan ce shaida, a ɗauke ta da muryar mai ita ko bidiyo gajere, ko mafi kyau a gayyato shi taro na gaba a bashi makirfo minti ɗaya da rabi ya faɗa da kansa. A haɗa masu karatu da marasa karatu, maza da mata. In an bashi kuɗin mota ko an yafe masa kuɗin shiga a faɗa. A kira waɗanda suka daina zuwa suma a ji dalili, ko ba za'a wallafa ba, kuma in mutum 60 suka fara 25 suka gama kar a rubuta a fosta kaman 60 ɗin duk sun zama wani abu.

Sai maganar izini, wadda a wurinmu tafi nauyi fiye da Niyok ta 1930. Ɗan Ailan ɗin nan shi ya zaɓi ya tsaya ya tona tsoronsa gaban jama'a, ba'a ɗauko wasiƙarsa aka karanta a bayan idonsa ba. Matar aure ko budurwa da ta turo saƙo tana godiya, wataƙila harda labarin matsalar gidanta da lakcar ta taɓo, kai ta rubuta wa, bata rubuta wa mabiyanka ba, kuma hoton fuskarta ko rabin lambarta da ya fito a gefen hoton saƙon ya isa ya jawo mata fitina a gida. A tambaye ta a fili, a nuna mata daidai abinda za'a saka da inda za'a saka shi da sunan da take so a kira ta dashi, in tace a'a a bar saƙon a waya.